Matar da ta mayar da ni bayan kyamara

Assalamu alaikum. Wata ƙanwata da ke harkar fim a Kano ce ta tasa ni gaba sai na rubuta wannan. Ta ce 'yan mata suna yawan tambayarta yadda aka yi Bahaushiya, matar aure mai 'ya'ya, ta kai ga ba da umarni a wasan talabijin a Amurka. Na ce mata labarina ba ya faɗuwa shi kaɗai, sai an haɗa da na wata baƙar fata 'yar Amurka mai suna Debbie Allen. Ban taɓa aiki a ƙarƙashinta ba, ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, amma bayan Allah da iyayena da maigidana, babu wanda ya yi tasiri a sana'ata kamar ta.

Haifaffiyar Tudun Wadan Zariya ce ni. Mahaifina malamin sakandare ne, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa har yau "Uwata" yake kirana. Da na ce wasan kwaikwayo zan karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, dangi suka yi caa, wannan ya ce lauya ta fi, wancan ya ce aure ya fi. Baba ya saurari kowa, sannan ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Uwata, kin tabbata za ki iya riƙe mutuncinki a ciki?" Na ce, "Insha Allahu, Baba." Ya ce, "To, Allah ya yi albarka." A Samaru na koyi abin da har gobe nake cin abinci da shi. Mukan fita ƙauyuka mu zauna da mutane, mu ji damuwarsu, mu mayar da ita wasa a gabansu. In kun yi ƙarya a wasan, wata tsohuwa ce za ta ɗaga murya daga cikin taro ta ce ba haka ake yi ba.

Da na gama sai na nufi Kano, na shiga fim a matsayin kwantiniti. 'Yan harkar sun san aikin. Ke ce mai littafi da biro a gefen darakta, ke za ki tuna cewa a fitowar da aka ɗauka jiya mayafin jaruma a kafaɗar hagu yake, shayin kofinta kuma rabi ne, don kada yau a ci gaba a ga ya cika. Ba a tunawa da mai wannan aiki sai ranar da wani abu ya kuɓuce. Amma kujerar akwai albarka, domin duk hukuncin da darakta zai yanke a kunnenki yake yanke shi. Cikin 'yan shekaru na fara jin cewa ni ma zan iya. Na ɗauki wani labari da na rubuta na kai wa wani furodusa, na ce ni nake so in ba da umarni. Ya karanta, ya yaba, sannan ya ce, "Hajiya, labari kam ya yi. Amma wane jarumi ne zai tsaya mace tana ce masa ya sake? Ki bari in ba wani, sunanki ya fito a marubuciya." Na tattara takarduna na fito. A 2007 aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni, kowa ya kama gabansa, ni kuma aure ya zo. A 2009 na bi maigidana zuwa Atlanta, a jihar Jojiya, inda yake aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti.

Shekarun farko sun yi mini nauyi. Babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, babu dangi, daga ni sai jariri. Maganar fim kuwa na naɗe ta na ajiye. Da dare in ina shayarwa nakan kunna talabijin in rage sauti, kuma akwai tashar da ke maimaita wani tsohon shiri mai suna A Different World, labarin ɗaliban wata kwalejin baƙaƙen fata. Hali zanen dutse, kwantiniti ba ta iya barin sunaye su wuce ba ta karanta ba. Sai na lura zangon farko na shirin lami ne, ɗaliban ciki za su iya zama na kowace makaranta a duniya. Daga zango na biyu kuwa shirin ya farka, mutanen ciki suka zama mutane, da fushinsu da barkwancinsu da irin tufafinsu. Daga nan ne kuma suna guda ya riƙa fitowa kusan kowane dare a gurbin darakta. Na rubuta shi a bayan wata ambulan, washegari na fara bin diddigi a laburaren unguwarmu da intanet.

An haifi Debbie Allen ranar 16 ga Janairun 1950 a Houston, jihar Texas, zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a kudancin Amurka, tun daga makaranta har famfon shan ruwa. Mahaifinta likitan haƙori ne, mahaifiyarta Vivian Ayers marubuciyar waƙoƙi ce. Yayarta ita ce Phylicia Rashad, wadda da yawanku kuka sani a matsayin uwar gidan nan ta The Cosby Show. Akwai lokacin da uwar ta kwashi 'ya'yanta ta kai su Mekziko suka zauna, don kawai su ɗanɗani rayuwar da ba a auna mutum da launin fatarsa. Duk macen da ta taɓa renon yara a baƙuwar ƙasa ta san wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Yarinyar rawa take so, rawar bale ta Turawa, wadda ake koyonta tun ana ƙanana. Tana shekara 12 ta je gwaji a makarantar bale ta Houston, aka ƙi ɗaukarta saboda fatarta. Bayan shekara guda wata malama 'yar Rasha ta gan ta a wani wasa, ta shigar da ita. Tana 16 ta tafi gwaji a makarantar fasaha ta North Carolina. Har sa ta aka yi ta nuna wa sauran masu neman gurbi yadda ake yi, daga ƙarshe aka ce mata ƙirar jikinta ba ta dace da bale ba. Sai ta shiga Jami'ar Howard da ke Washington, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in baƙaƙen fata, ta gama a 1971, ta tafi New York neman sa'a a dandalin wasanni na Broadway.

Da na zo wannan wuri a karatuna sai da na rufe kwamfutar na ɗan zauna. Rawa ba hanyata ba ce, tarbiyyarmu ba ɗaya ba, kuma ban zo in ce wa kowa ya kwaikwayi duk abin da ta yi ba. Amma na san zafin a yabi aikinki a kuma rufe miki ƙofa a zama guda. Na san shi sarai.

A 1980 ta fito a West Side Story a Broadway har aka sa ta cikin masu takarar lambar Tony, babbar lambar yabo ta wasannin dandali. A shekarar ce kuma ta samu ɗan ƙaramin gurbi a fim ɗin Fame, a matsayin malamar rawa Lydia Grant. Da aka mayar da fim ɗin shirin talabijin a 1982, malamar nan ta zama ginshiƙin labarin, aka yi ta yi har 1987. Ita ke fitowa a ciki, ita ke tsara raye-rayen, har ta ci Emmy, babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka, a kan tsara rawa. Mai tsara rawa kuwa dole ta san inda kowane jiki zai tsaya, yaushe zai motsa, daga wane gefe ido zai fi ganinsa. Rabin aikin darakta ke nan. Ba a jima ba ta fara ba da umarnin kashi sukutum na shirin. Ta ƙofar da ta samu a buɗe ta shiga, kuma wannan ya tsaya mini a rai, domin ni ma ina da tawa ƙaramar ƙofar da na raina.

A 1988 aka kira ta ta gyara A Different World, wanda tashar NBC ta fara nunawa a 1987. Kwalejin da ke cikin labarin, Hillman, ƙirƙirarriya ce, amma ita Debbie ta yi rayuwa a ta gaske. Abin da ta yi ya burge ni ƙwarai: ta riƙa kwasar marubutan shirin tana kawo su nan Atlanta, su zaga kwalejojin baƙaƙen fata na Spelman da Morehouse da Clark Atlanta, su zauna da ɗalibai su ji abin da ke cin ransu. Daidai abin da muke yi a ƙauyukan Zariya. Ta sa aka ɗora kwalaben yaji a kan teburan wurin cin abincin ɗaliban, don ta san babu inda baƙaƙen kudu za su zauna cin abinci babu shi. Ƙaramin abu ne, amma wanda ya fito daga irin gidan da ya gani ya san an san shi. Sannan ta shigo da manyan maganganu cikin shirin da aka gina don dariya: fyaɗe tsakanin saurayi da budurwa, cutar ƙanjamau a lokacin da mutane ke tsoron ko ambatonta, wariyar Afirka ta Kudu, yaƙin Tekun Fasha na 1991, da tarzomar Los Angeles ta 1992. Cikin kashi 144 da aka yi kafin a rufe shirin a 1993, ita ta ba da umarnin 83.

Wata Asabar na roƙi maigidana ya kai mu unguwar da waɗannan kwalejoji suke. Muka zaga a mota a hankali, ina ganin gine-ginen jan bulo irin waɗanda nake gani a shirin, da 'yan mata rungume da littattafai. A hanyar komawa na ce, "Abban yara, ina so in koma aiki." Ya ce, "Wane aikin?" Na ce, "Nawa." Ya yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan ya ce, "Uwargida, na daɗe ina jiran ranar da za ki faɗi haka. Amma ki sani nan ba Kano ba ne, daga ƙasa za ki faro." Allah ya saka masa da alheri, bai tsaya a baki ba. Ya koma aikin dare na tsawon lokaci don a samu mai zama da yara da rana.

Na kuma yi sa'ar wuri. A 2008 jihar Jojiya ta yi dokar rangwamen haraji ga masu shirya fim, har zuwa kashi 30 cikin ɗari na abin da suka kashe a jihar. Sai kamfanoni suka yi ta kwararowa daga Los Angeles. Shirin talabijin ɗin nan The Walking Dead a ƙaramin garin Senoia da ke kudu da mu aka yi ta ɗaukarsa shekara da shekaru. Ana neman hannu ko'ina. Na fara a matsayin 'yar aike, ina tsaye a bakin titi da oba-oba a hannu ina roƙon masu wucewa su dakata ana ɗauka, ni da na yi digiri na kuma yi shekaru a lokeshin. Na haɗiye wannan. Na yi kwas na kwantiniti irin nasu, domin a nan aikin ya fi namu zurfi: ana raba kowane shafin sikirif gida takwas, ana auna kowace fitowa da agogo, ana ja wa shafi layuka masu nuna wace kyamara ta kama wane da wane, don edita ya san abin da ke hannunsa. Na yi ƙananan finafinai, wasu kyauta, har na cika sharuɗɗan shiga ƙungiyar ma'aikata. Ranar da na sake zama a gefen darakta da littafina a cinya, na yi sujjadar godiya a bayan wata tirela.

Aikin sa'a goma sha biyu ne a rana, wani lokaci ya zarce. Ƙa'ida ce a tsaya cin abinci bayan sa'a shida, a nan nake sauke sallata, kuma da azumi abokan aiki kan ajiye mini abincina har faɗuwar rana. Ban samu matsala da hijabina ba kamar yadda na ji tsoro. Matsalar da na samu ta wani darakta ce da ya ɗauka tunda harshena na baƙi ne, idona ma na baƙi ne. Na gaya masa ya tsallaka layi, wato ya kai kyamara ɗaya gefen ta yadda in an haɗa hotunan za a ga mutum biyu masu magana da juna suna kallon gefe guda. Ya ɗaga mini hannu ko kallona bai yi ba. Na rubuta a littafina cewa na faɗa. Bayan mako biyu aka dawo da 'yan wasa aka sake ɗaukar fitowar da kuɗi masu yawa.

Ya kamata in bayyana wani abu da 'yan gida ba su cika sani ba. A fim ɗin silima darakta ne sarki. A talabijin ɗin Amurka kuwa ba haka ba ne. Mai shiri shi ne shugaban marubuta, shi ke da labari, shi ke da magana ta ƙarshe. Shirin da ake nunawa na sa'a guda, in an cire talla minti 42 ne ko 43, kuma a manyan tashoshi zango guda kan kai kashi 22 ko fiye. Mutum ɗaya ba zai iya ba, don haka ana ɗauko daraktoci bi da bi. Kowa ya zo ya yi kamar mako guda yana shiri, ya yi kamar kwana takwas yana ɗauka, a ba shi 'yan kwanaki da edita ya haɗa nasa, ya miƙa ya tafi. Mai shiri na iya warware duk abin da ya haɗa. Daraktan talabijin kamar mai girkin da aka ɗauko ranar biki yake: tukunya ba tasa ba, murhu ba nasa ba, masu gida sun san ɗanɗanon da suka saba, amma in abinci ya ƙone sunansa za a kira. 'Yan wasan da suka shekara goma suna fitowa a gurbi guda sun fi shi sanin mutanen da suke fitowa a matsayinsu, ma'aikata kuma tun kafin azahar ɗin ranar farko sun gama auna shi.

Shi ya sa wasu shirye-shirye ke ajiye babban darakta na gida, wanda ba ya tafiya. Shi ke zaɓo baƙin daraktoci, ya shirya su, ya kare su, ya tabbatar shirin bai canza kama ba. Wannan kujera Debbie Allen ta hau a Grey's Anatomy, wasan asibitin nan na Shonda Rhimes da tashar ABC ta fara a 2005. Ta fara zuwa a matsayin baƙuwar darakta a 2010, a 2011 ta fara fitowa a ciki a matsayin likita Catherine Avery, a 2015 kuma aka damƙa mata ragamar daraktocin. Ta kuma ba da umarni a Scandal da How to Get Away with Murder da Empire. Abin da ta yi da ikon da ta samu shi ne ya sa na ƙara ganin girmanta. Ta buɗe wa mata ƙofa, da yawa a cikinsu ba su taɓa riƙe kashi a babbar tasha ba. Ta zaunar da 'yan wasan shirin ta koya musu, har Ellen Pompeo ta ba da umarnin kashinta na farko a 2017. Ita ce kuma ta jawo Denzel Washington ya zo ya ba da umarnin kashi guda da aka nuna a 2016. Wadda aka ce wa jikinta bai dace ba, ga shi ta zama mai cewa wa zai shigo.

Akwai kashi ɗaya nata da nake komawa gare shi duk lokacin da na ji aikin ya fara zame mini neman kuɗi kawai. A watan Maris na 2019 aka nuna shi, sunansa Silent All These Years. Wata mata ce aka yi wa fyaɗe ta zo asibiti tana ɓoyewa. Da ta yarda a ɗauki shaida daga jikinta, sai aka nuna aikin daki-daki, ba gaggawa, kuma kafin kowane mataki likita sai ta tambaye ta ko ta shirya, ba a taɓa ta sai ta ce e da bakinta. Wani daraktan da ya gajarta wurin don kada mai kallo ya takura. Ita ta bar shi ya yi tsawonsa, don takurar ita ce maganar. Sannan aka zo kai matar tiyata, ga shi duk namijin da ta gani fuskar wanda ya cuce ta take gani. Sai aka tara matan asibitin suka jeru a baranda hagu da dama, ana tura gadonta a tsakaninsu, babu mai cewa uffan. Da yawa daga matan da suka tsaya a layin ba 'yan wasa ba ne, ma'aikatan shirin ne na bayan fage. Na kalli wurin da idon kwantiniti, ina neman dabarar, na ga babu wani abin burgewa da aka yi da kyamara. An dai san inda kowace mace za ta tsaya, an san tsawon lokacin da ido ke buƙata a kan kowace fuska. Na san mata a gida da suka shiga kabari da irin wannan sirri, kuma a daren su na yi ta tunawa.

Shekaru suka yi ta tafiya ina kujerar gefe. Na nemi shiga shirye-shiryen horar da sababbin daraktoci, ana ta ba ni haƙuri. Abin da ke riƙe ni a lokacin shi ne labarin fim ɗin Amistad. Debbie Allen ta ci karo da tarihin mutanen Mende na Saliyo da suka ƙwace jirgin bayi a 1839 ƙarƙashin jagorancin Sengbe Pieh, har Kotun Ƙolin Amurka ta 'yanta su a 1841. Ta yi fiye da shekara goma tana yawo da labarin ofis-ofis ana cewa ba zai sayu ba, sai a 1997 ya fito, Steven Spielberg ya ba da umarni, ita tana furodusa. In mai suna kamar ta ta yi wannan jira, ni wace ce da zan ce na gaji?

Ƙofata ta buɗe ta hannun wata dattijuwar darakta, baƙar fata, da muka yi aiki tare a wani shiri. Ta lura in ta tsaya tunani nakan riga ta sanin hoton da ya rage. Ranar ƙarshe ta ce, "Ke ba kwantiniti kaɗai ba ce. Zo ki bi ni a aikina na gaba." Na bi ta daga zaman farko har ɗakin edita, ba albashi, ina kallo ina rubutu. Bayan nan ita ta kira mai wani ƙaramin shiri ta tsaya mini, ta ce in na gaza ita za ta zo ta ƙarasa kyauta. A haka aka ba ni kashi guda.

Labarin kashin ya shafi wani iyali 'yan Afirka ta Yamma mazauna Amurka, da aka zo gaya musu ɗansu ya rasu a haɗari. Da na shiga falon da masu ado suka shirya, sai na tarar da fuskokin katako a bango, da ganguna, da zane mai hoton raƙumin dawa. Gabana ya faɗi. Na shiga gidajen 'yan Najeriya da Gana da Senegal da Nijar a garin nan ba iyaka, ban taɓa ganin falo irin wannan ba. A zaman da ake yi da mai shiri kafin ɗauka, inda ake bin sikirif shafi-shafi, na ce ina da roƙo. Na ce a sauke kayan bangon, a sa kalandar kantin kayan Afirka da hoton ɗan da rigar kammala karatu. A jera takalma a bakin ƙofa. A sa babbar firiza a lungu, irin wadda iyayenmu mata ke cikawa da nama da kifi. A ajiye buta a ƙofar bayi. Mai shirin ta ce, "Masu kallo za su gane daga ina suke kuwa?" Na ce waɗanda suka fito daga can za su gane a daƙiƙar farko, sauran kuma za su ji cewa gidan mutane ne na gaske. Ta yi ɗan tunani ta ce a yi. Butar ma daga gidana na kawo ta.

Ranar ɗaukar babbar fitowar, dattijon da ke fitowa a matsayin uban, wanda ya fara wasa tun ban shiga firamare ba, ya yi ta da ihu da dukan tebur. Ya yi kyau a ido, ma'aikata har sun fara shirin matsawa gaba. Na tashi na je kusa da shi, na rage murya yadda shi kaɗai zai ji. Na ce a inda na fito, uba in an kawo masa irin wannan labari a gaban iyalinsa, yakan fara neman wurin zama ne, ya tambayi ɗan saƙon ko ya sha ruwa, domin in ya rushe kowa ya rushe. Na ce ya riƙe kukan, ya bar hannunsa ya tona masa asiri. Ya dube ni na ɗan lokaci, falon ya yi tsit, na ji zufa na bin bayana. Sai ya ce, "Mahaifina ma haka yake. Mu sake." Muka sake. Ya zauna a hankali, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, kofin ya riƙa karkarwa a kan faranti. Da na ce a yanke, mai riƙe da kyamara yana share ido da gefen rigarsa. Wannan ɗaukar ce ta fita a talabijin, ba a taɓa ta ba.

Da na kira Baba na gaya masa, ya ce, "Uwata, kin yi sallar azahar dai a ranar?" Na ce na yi. Ya ce, "To madalla, yanzu ba ni labarin tun daga farko."

Kada wata ta ɗauka daga nan sai hawa. A 2023 marubuta suka shiga yajin aiki daga Mayu zuwa Satumba, 'yan wasa suka bi daga Yuli zuwa Nuwamba, komai ya tsaya cak. Na ga ƙwararrun masu haske da sauti suna tuƙin Uber, wasu sun sayar da kayan aikinsu. Bayan an sasanta ma aikin bai dawo yadda yake ba a Atlanta, wasu manyan kamfanoni sun karkata zuwa Ingila. Yanzu ina tsakani ne: in an kira ni ba da umarni in je, in ba a kira ba in koma littafina da birona, kuma ba na jin kunyar hakan ko kaɗan. Ita Debbie Allen, wadda ta buɗe makarantar rawa ta yara a Los Angeles tun 2001, ta karɓi lambar girmamawa ta Cibiyar Kennedy a 2021, aka ba ta Oscar na girmamawa a Nuwamban 2025, tana da shekara 75 kuma ba ta ajiye aiki ba.

A shirin da nake yi yanzu na nemi alfarma guda kafin in sa hannu: a ƙara kujera ɗaya a gefena. Wata yarinya ce ke zama a kai, iyayenta 'yan Damagaram ne, a Greensboro ta tashi, inda 'yan Nijar suke da yawa. Mahaifiyarta ta kira ni ta ce, "Hajiya, ga amana nan, ki riƙe mini ita kamar taki." Anti take kirana, Hausarta tana ɗingishi amma idonta akwai kaifi. Ta riga ta iya lissafin shafi da auna lokaci. Layin kyamara ne har yanzu yake ba ta wuya, shi za mu sa a gaba a wannan makon.